Ƙararrawa Marar Harshe

Tsofaffin Kwarin Gawo ba su cika son ba da labarin Jatau maƙeri ba. In aka matsa musu, sai ɗayansu ya gyara zama, ya rage murya, ya ce to a saurara, amma kada wanda ya katse shi.

Jatau maƙerin fari ne, mai zubin tagulla. Yana yin mundaye da zobba, amma ƙararrawa ce ta fitar da sunansa. Fatake kan ratse hanya su zo sayen wadda za su rataya wa raƙuma, don ta Jatau ana jiyo ta tun daga bayan tudu. Allah ya hore masa kunne. In ya ƙwanƙwasa tagulla sau ɗaya, ya san inda ta tsage ko da ido bai gani ba.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya ɗaya tak, Yalwa. Da Yalwa ta yi aure ta sami cikin fari, sai ta dawo gida goyon ciki wurin gwaggonta. A nan aka lura da wani ƙari a gefen wuyanta, kamar ƙwayar gyaɗa. Kafin cikin ya fito sosai, ƙarin ya kai goriba. Mijinta ya kai ta asibitin birni, Jatau ya bi su. Likita ya zaunar da su ya gaya musu gaskiya cikin tausasawa. Ciwon daji ne. Maganin da ke hannunsu yana tsayar da duk abin da ke saurin girma a jiki, ɗan da ke ciki kuwa shi ma girman yake yi. In kuma aka jira haihuwa, ƙarin na iya toshe mata maƙogwaro.

Yalwa ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Baba, a mai da ni gida. Zan jira."

Bayan sun dawo ne Jatau ya fara jin abin. Duk lokacin da ta kawo masa fura maƙera ta durƙusa ta ajiye, sai ya jiyo ƙarar ƙararrawa siririya, kamar ta ayari mai nisa, dubbai a haɗe, ba wadda ke jiran wata. Ya duba ratayensa, ba abin da ke motsi. Ya tambayi gwaggon yarinyar, ta ce ita ba ta jin komai. Sai da ya kasa kunne da kyau ya gane daga wuyan 'yarsa ƙarar ke fitowa. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Wata ranar kasuwa, gari ya watse, rana ta take tsaka, yana zaune gaban wuta bai ko taɓa zuga-zugi ba, sai ya ji an yi sallama. Ya ɗaga kai ya ga wata tsohuwa tsaye a kan uwar maƙera, tsawonta bai wuce na awartaki ba. Yatsunta dogaye ne sirara, duk sun ɗaye har sun yi ja. Ya yi a'uziyya, ba ta ɓace ba.

"Ya mai wuta da tagulla," in ji ta, "ba daga kuka na fito ba, ba kuma daga tsohuwar rijiya ba. Daga Birnin Yalwa nake, wato cikin jikin 'yarka. Sunana Kuncau, aikina kunce ƙararrawa. Abin da kake ji gaskiya ne, kuma ya fi ƙarfin yatsuna. Na zo neman maƙeri."

Jatau ya miƙa hannu ya ɗauki masaba. Ya ce in dai ƙararrawa ce ke kashe masa 'ya, a kai shi, ya farfasa su duka, ko ɗaya ba zai bari ba.

"Ajiye masaba," in ji tsohuwar. "Ɗauki kakin zuma, da yumɓu, da gutsuren tagulla. Sai ka ga abin da kake son fasawa tukuna."

Ta tuntsurar da kaskon narkakkiyar tagulla a ƙasa. Maimakon ta daskare, sai ta bazu ta zama tafki mai sheƙi. Ta kama babban yatsansa ta ja, ya yi bisimilla ya rufe ido. Bai ji zafi ba, sai dai ya ji maƙerar ta yi sama ta bar shi.

Ya buɗe ido a bakin wani jan kogi mai ɗumi. Ba rana a ƙasar, ba wata, sai wani haske ja-ja kamar na garwashin da toka ta rufe. Daga nesa ana buga wani babban tambari, bugu biyu-biyu, kuma da kowane bugu sai kogin ya yunƙura gaba. Wasu abubuwa kamar faifai suna yawo a kan ruwan. Suka hau ɗaya, igiyar ruwa ta tafi da su, suna wuce garuruwa masu gidaje a manne da juna kamar saƙar zuma.

Ba su yi nisa ba sai ruwan ya dare, fararen karnuka suka ɓullo suka kewaye su. Ba su da idanu, sai hanci. Babbansu ya ɗora ƙafafu a kan faifan har ya karkata.

"Kuncau mun san ki," ya ce. "Wannan fa na wane ne? Dokar birni ita ce, baƙo ba ya wuce mu da rai."

Jatau ya daure ya ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma shinshina ni da kyau. Rabin ƙasar da aka gina birnin nan da ita, daga gare ni aka ɗebo."

Karen ya sa hanci a ƙirjinsa, ya daɗe yana ja. Sannan ya sauka, ya ce lallai rabin ƙanshin na gida ne, don haka an ba shi rabin izini: ya shiga, amma kada ya daɗe. Jatau ya sami damar tambaya, ya ce to su da suke da haƙora haka, me ya hana su cinye abin da ke wuyan mai birnin? Karen ya sunkuyar da kai. Ya ce sun sha zuwa, amma mutanen unguwar da ke wuyan, ƙanshin gida gare su, ga ƙarar ƙararrawa tana ruɗa su, sai su koma ba su ciji kowa ba.

Kogin ya gangara da su har gaɓar wani tafki mai garai-garai. A tsakiyarsa ga wani sabon gari ana kan gininsa, yana da nasa ɗan ƙaramin tambarin mai saurin bugu. Kuncau ta ce wannan garin jikansa ne.

Ta kai shi wani lungu inda ake gina hannun jikan nasa, ta ce ya duba ƙofar gida ɗaya kawai. A zauren gidan ga wani manzo kwance yana barci. Kusa da shi ga wani ƙaƙƙarfan mutum zaune gaban kwandon ƙararrawa, hannunsa a rufe. Sai wani saƙo ya taso daga kogi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Nan take mutumin ya buɗe hannu. A tafin hannunsa akwai gurbi daidai girman ƙararrawa. Ya ɗauki ɗaya ta zauna a gurbin, ya ɗaura wa manzo a ƙafa. Manzo ya zabura ya ruga cikin gida. Da magina suka ji ƙarar, sai suka miƙe suka raba gidan biyu, kowanne ya zama cikakken gida. Ana gamawa wata tsohuwa mai kama da Kuncau sak ta tare manzon, ta kunce ƙararrawar, ya koma ya kwanta. Lungun ya yi tsit.

"Wancan shi ne Ɗaurau," in ji Kuncau. "Kowane gida da nasa, kowane gida da irina. Shi ya ɗaura, ni in kunce. Ba ma ɗaukar tubali, ba ma kwaɓa ƙasa, amma ba a gini sai da hannunsa, ba a tsayawa sai da nawa."

Yana cikin kallo sai aka kaɗa wata ƙararrawa mai wata murya dabam, mai sanyi. Hannun da ake ginawa a lokacin a haɗe yake kamar ƙafar agwagwa. Da jin wannan murya, mazauna gidajen da ke tsakanin yatsu suka rushe gidajensu da kansu, suka kwanta, kogi ya tafi da su, ba wanda ya yi gardama. Sai ga yatsu biyar sun rabu. Ƙaramin cikinsu ya ɗan motsa. Hawaye ya zubo wa Jatau bai sani ba.

"To, maƙeri," in ji tsohuwar, "wace ce za ka fara fasawa?"

Suka juya suka kama hanyar tudu.

Tafiyar ta yi wuya. Suka ratsa wani kwazazzabo inda iska ke shiga da fita da ƙarfin da sai sun riƙe bango. Suka hau wata doguwar hanya mai santsi. Tun kafin su isa, ƙarar ta tarye su, har haƙoran Jatau suna amsawa. Da suka ɓullo Unguwar Wuya, sai ya yi da-na-sanin samun kunne.

Gida kan gida, gida cikin gida, wasu ba ƙofa, wasu ƙofa uku ba rufi. Sun danne hanyoyi, sun karkato da rassan kogi zuwa kansu suna shanyewa. Hanyar iska da ke gefe ta matse, iskar tana wucewa da ƙyar tana fito. Magina suna gini idanunsu a kafe, ba wanda ya san abin da yake ginawa. Manzanni suna gudu ba tsayawa, ƙafafunsu sun farfashe, kowanne da ƙararrawa rututu har gwiwa. 'Yan'uwan Kuncau suna bin su suna kuncewa, kafin su kunce ɗaya an ɗaura goma. Wasu sun zube a gefen hanya, yatsunsu sun ƙare.

A ƙofar kowane gida ga Ɗaurau zaune, dukansu fuska ɗaya, hannu ɗaya. Kuncau ta nuna masa na tsakiya, wanda daga gare shi sauran suka fito. Ta ce ranar da aka raba gidansa, an yi kuskure wajen kwaikwayon hannunsa, gurbin ya fito a karkace, hannun ba ya rufuwa. Duk gidan da ya fito daga nasa, da wannan hannun yake fitowa. Abin da take so shi ne ƙararrawar da za ta shiga karkataccen gurbi ta maƙale, amma ba za ta zauna a hannun lafiyayyen Ɗaurau ba. Sai an ɗauko siffar gurbin da kakin zuma.

Jatau ya murza kakin a hannu har ya yi laushi, ya matsa ya yi sallama.

"Wa ya aiko ka?" in ji Ɗaurau, hannunsa bai daina aiki ba.

"Ni zan tambaye ka, ya mai ɗauri. Wa ya ƙwanƙwasa ƙofarka?"

"Ba kowa. Tun da na buɗe ido ba wanda ya ƙwanƙwasa. Amma hannuna a buɗe yake, buɗaɗɗen hannu kuwa umarni ne."

"Ka san birnin zai mutu, kai ma ka mutu tare da shi?"

Ɗaurau ya ɗago fuska. Jatau ya zaci zai ga mugunta, sai ya ga gajiya irin wadda bai taɓa gani a fuskar mai rai ba.

"Na sani," ya ce. "Ina jin iska tana kuka. In kai mai iko ne, rufe mini hannu. Amma ka sani, duk abin da ya matso kusa da ni sai na ɗaura masa. Ba ni na zaɓa ba."

Jatau ya faki lokacin da gurbin ya zama fanko, ya danna kakin ciki, ya fizge. Kafin ya ja baya, ya ji sanyin tagulla a idon sawunsa. Ƙafarsa ta zabura da kanta. Ya ruga ba ji ba gani, yana karo da bango, wata murya a cikin ƙashinsa tana cewa ƙara, ƙara, ƙara. Naman ƙaurinsa ya fara kumbura yana tsattsagewa gida biyu. Ya manta sunansa, ya manta abin da ya kawo shi, abu ɗaya kawai bai saki ba, kakin da ke dunƙule a hannunsa. Kuncau ta bi shi lungu-lungu, ta yi tsalle ta rungume ƙafar, ta kunce ƙullin da sauran yatsunta har ɗaya ya karye. Ya faɗi yana haki.

Suka ɓuya a wani kango. Jatau ya gyara siffar, ya lulluɓe ta da yumɓu, Kuncau ta ɗebo masa wuta daga murhun wani gida. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a cikin yumɓun. Ya narka tagulla a wani kasko. Yana shirin zubawa ta riƙe hannunsa.

"Saura abu ɗaya. In ka zuba ta haka, ko ba ka sa mata harshe ba, amsa-kuwwar unguwar nan za ta sa ta yi ƙara, hannun ya tofar da ita. Sai an zuba shiru a cikinta. A birnin nan kuwa babu shiru, don tun kafin a haifi mai shi tambari ke bugawa."

"A ina zan samo?"

"A kunnenka. In ka ba da jinka, abin da ya rage shi ne shiru, shi za mu zuba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ba har abada ba ne. Hannun da aka toshe yakan yi ta murɗawa har wata rana ya sake siffa. Shekaru nawa za a samu, Allah kaɗai ya sani."

Jatau ya dubi tagullar tana juyawa a kasko. Ya tuna kiran sallar asuba daga masallacin unguwarsu, ya tuna yadda sabuwar ƙararrawa ke amsawa in ta fito lafiya. Sannan ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya zaɓi abin da zai ji na ƙarshe. Tsohuwar ta ɗora tafukanta a bayan kunnuwansa ta juya kansa wajen gangare. Ta ƙarƙashin duk wannan hayaniya, can nesa, ya jiyo ɗan ƙaramin tambarin yana bugawa da sauri. Ya saurara har ya ƙoshi, sannan ya gyaɗa kai.

Ta zura yatsa a kowane kunne ta zaro wani abu kamar zaren gizo-gizo, ta sake shi ya bi iska. Abin da ya biyo bayansa mai nauyi ne, mai sanyi, ta tara shi a tafin hannu ta juye cikin kaskon. Duniya ta ɗauke wa Jatau ɗif.

Ya zuba, ya jira ta huce, ya fasa yumɓun. Ƙararrawa ta fito baƙa, a ɗan karkace, ba harshe. Ya rarrafa ya jefa ta cikin kwandon Ɗaurau na tsakiya. Hannun ya ɗauki wata, ya ɗauki wata, sannan ya ɗauke ta. Ta shige gurbin ta zauna daram. Ɗaurau ya girgiza hannu, ya buga shi da ƙasa, ba ta fita ba. A hankali yatsunsa suka naɗe a kanta. Jatau ya ga baƙin ya bazu daga kwando zuwa kwando, kowane karkataccen hannu a unguwar yana ɗaukar irinta yana rufewa. Ɗaurau ya dube shi, leɓɓansa suka motsa. Ko godiya ce ko tsinuwa, Jatau bai taɓa sani ba.

Ya ga 'yan'uwan Kuncau sun miƙe suna kuncewa, manzanni suna zubewa barci a inda suke. Ya ga magina sun saki tubali suna duban hannayensu. Ya ga fararen karnuka sun hauro daga kogi sun fara rushe gidajen da ba ƙofa. Kowa ya tsaya yana sauraron shirun da ya sauka, ban da wanda ya saye shi. Babban karen ya zo ya tura shi da hanci wajen kogi, alamar rabin izininsa ya ƙare.

Ya farka a ƙasan maƙerarsa, tagulla ta daskare a gefensa, ƙaurinsa da tabo kamar na ƙuna. Yalwa na durƙushe a kansa, bakinta na motsi, hawaye na zuba.

Ƙarin ya fara saɓewa tun kafin wata ya mutu. Da aka koma asibiti, likitan ya duba ya sake dubawa, ya ce a ci gaba da zuwa yana gani, kada a saki jiki. Yalwa ta haihu lafiya, namiji, aka sa masa Sambo. Da aka miƙa wa Jatau jaririn, ya ga baki a wangale, fuska ta yi ja, bai ji komai ba. Ya buɗe ɗan hannun ya daɗe yana duban tsakanin yatsun.

Ƙararrawa kam bai sake yin ta kirki ba. Fatake suka daina ratsowa, ya koma mundaye da zobba. Mutane suka ce zafin wuta ne ya taɓa masa kunne, ya bar su a haka, sai daga baya ya ba aminansa labarin da irin muryar kurame, mai hawa da sauka. Sambo ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara bin awaki. Yalwa ta yi ƙiba, ta ƙara haihuwa.

Shekarar da Sambo ya fara riƙe fartanya, Yalwa ta zo ganin gida da rani. Jatau ya lura ta naɗe mayafi har haɓa, ga zafi ana yi. Ya yafuto ta. Ta yi murmushi ta girgiza kai, wai ba komai. Bai janye hannu ba. Da ta ga ba zai bari ba, ta durƙusa ta sassauta mayafin. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen wuyanta, yadda yake ɗora shi a kan tagullar da aka buga. A ƙarƙashin fata ya ji wata 'yar karkarwa siririya, ba ta tsayawa.

Bai nuna mata komai a fuska ba. Ya sa aka kira masa Sambo da ƙanwarsa, ya zaunar da su a gabansa a inuwar zaure, uwarsu a tsakiya. Ya yi ta kallon su, fuska bayan fuska, har yaran suka gaji suka fara mutsu-mutsu, Yalwa ta tsargu ta kau da kai. Ya dubi gawon da ke ƙofar gida, ya dubi sararin sama. Da ya ga ya ƙoshi, ya sallame su.

Sannan ya shiga maƙera ya hura wuta, ya ajiye kakin zuma da yumɓu kusa da uwar maƙera. Kunne ya riga ya tafi, ido ne ya rage masa. Ya ɗebo ruwa mai sanyi ya wanke idanunsa sosai, kamar yadda mutum ke wanke abin da zai kai wa wani, ya zauna yana fuskantar ƙofa, yana jiran Kuncau.